Aukuwa da Masu Sauraronta: Tsarin Wakilci a Shafukan Yanar Gizo

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cika takardar neman aiki ta intanet, ko ya yi rajistar jarrabawar shiga jami'a, ko ya duba sakamakon zaɓen rumfarsu a wayar hannu, ya san yadda abin yake: mutum ya danna maɓalli, shafi ya amsa. Ya kuma san akwai ranar da za a danna, shafi ya yi gum kamar ba a taɓa shi ba, ko kuwa ya amsa da abin da ba a tambaye shi ba. Galibi akan ɗora laifin a kan rashin sabis. Sau da yawa haka ɗin ne, amma akwai lokacin da sabis yana nan lafiya lau, laifin kuwa yana ga yadda aka tsara kunnuwan shafin tun farko.

Makasudin wannan lacca shi ne bayyana abin da ke gudana tsakanin dannawa da amsawa, da kuma wata dabara da masu rubuta shafukan yanar gizo ke amfani da ita wajen kyautata wannan amsawa. Batun ya shafi ɗalibai masu koyon sana'ar. Ya kuma shafi ma'aikatan gwamnati, domin su ne ke ba da kwangilar gina shafukan ma'aikatu, su ne ke karɓarsu idan an gama, kuma a gabansu jama'a ke tsayawa ranar da shafi ya ƙi aiki. Za a ɗauko misalai daga ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo na gabashin Sakkwato, saboda tsarin isar da labari da aka daɗe ana bi a can ya yi kama ƙwarai da wanda kwamfuta ke bi.

Kafin a ci gaba ya kamata a daidaita kalmomi uku. Ta farko ita ce aukuwa, wato duk wani abin da ya faru a kan shafi, kamar danna maɓalli, ko buga harafi, ko jan shafi sama da ƙasa. Ta biyu ita ce mai sauraro, wato ɗan umarnin da aka ajiye a wani wuri cikin shafi aka ce ya jira wata aukuwa, in ta zo ya yi aiki kaza. Ta uku ita ce wakilci, wato ajiye mai sauraro guda ɗaya a sama ya tsaya a madadin masu yawa da ke ƙasa.

2. Shafi da Zuriyarsa

A shekarar 1989 wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janeba, ya gabatar da shawarar da ta haifi yanar gizo. Shafukan farko takardu ne kurum. Mutum zai karanta, ya danna mahaɗi, ya koma wani shafi. A shekarar 1995 Brendan Eich na kamfanin Netscape a Amurka ya ƙirƙiro harshen JavaScript, wanda ya ba shafi ikon aikata wani abu a cikin kwamfutar mai karatu, ba tare da ya koma ya tambayi babbar kwamfutar da ta aiko shi ba. Daga nan ne maganar aukuwa ta zama tilas, domin shafin da zai yi aiki dole ya san lokacin da aka taɓa shi, da inda aka taɓa.

Ana rubuta ƙashin shafi da harshen HTML, kuma tsarinsa na sanya abu cikin abu ne. Manhajar da ke buɗe shafi, wato burauza, takan karanta wannan rubutu ta mayar da shi kamar jerin zuriya. A can sama akwai kaka, wato takardar baki ɗaya. A ƙarƙashinta akwai jikin shafi, a cikin jiki akwai sassa, a cikin wani sashe akwai jadawali, a cikin jadawali akwai layuka, a cikin kowane layi akwai gurabe, a cikin wani gurbi kuma akwai maɓalli. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gaɓa ce. Kowace gaɓa tana da uwa guda ɗaya tak, amma tana iya samun 'ya'ya iya yawan da aka so. Saboda haka daga kowane maɓalli, kome nisansa a ƙasa, hanya ɗaya ce rak ke hawa zuwa ga kaka. Wannan hanya ɗaya ita ce tushen duk abin da zai biyo baya.

3. Aukuwa da Mai Sauraro

Idan yatsa ya taɓa gilashin waya, burauza takan auna inda ya sauka, ta gano gaɓar da ke wurin, sa'an nan ta rubuta wata 'yar takardar shaida. A cikin takardar akwai irin aukuwar, da lokacinta, da wurinta a fuskar shafi, da kuma gaɓar da aka taɓa. Wannan takarda ita ake miƙa wa duk mai sauraron da ya cancanci jin labarin.

A farkon zamanin JavaScript ana rubuta umarnin mai sauraro ne a jikin gaɓar kanta, da kalma irin su onclick. Wannan hanya tana da sauƙi, sai dai kowace gaɓa mai sauraro ɗaya take iya ɗauka ga kowace irin aukuwa, in aka sa na biyu sai ya ture na farko. Hanyar da ake bi yanzu ita ce umarnin da ake kira addEventListener. Ana gaya masa irin aukuwar da za a jira da aikin da za a yi, kuma ana iya ɗaura masu sauraro da yawa a gaɓa ɗaya, burauza ta kira su bi da bi yadda aka jera su. Yana da abokin tafiya mai suna removeEventListener, wanda ke sallamar mai sauraro idan aikinsa ya ƙare.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan. Burauza tana gudanar da umarnin shafi ne kamar magatakarda mai alƙalami ɗaya. Aukuwoyi sukan yi layi a bakin ƙofarsa, ya ɗauki ta farko ya gama da ita, sa'an nan ya kira ta biyu. Idan wani mai sauraro ya ɗauko dogon lissafi ya riƙe alƙalamin, to duk layin sai ya tsaya. Mai waya zai ga yana ta dannawa shafi bai motsa ba, alhali kuwa an rubuta kowace dannawa tasa, tana jiran juyinta. Da alƙalami ya kuɓuta sai a aiwatar da su duka a jere, wanda ya danna sau huɗu don haushi ya ga an yi masa aiki sau huɗu. Wannan matsala ta fi tsanani a wayoyi masu araha, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun jama'ar karkara.

4. Hanyar da Labari ke Bi

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya kafa ribaɗi a Wurno, ya zauna a can, a can kuma ya rasu aka binne shi. Hikimar ribaɗi ita ce ba zai yiwu a ajiye mayaƙa a kowane ƙauye da kowace ruga ba. Sai a zaɓi wuri guda a bakin iyaka, a ƙarfafa shi, labarin duk abin da ya taso daga ƙauyukan kewaye ya riƙa zuwa can. Haka nan a sha'anin mulkin daular akwai tsarin ƙofa, inda saƙon sarakunan nesa ba ya shiga fada kai tsaye sai ta hannun wani babban bafade. Waziri, alal misali, shi ne ƙofar manyan ƙasashe irin su Kano da Zazzau.

Bayan zuwan Turawa a 1903 aka ƙara tsara wannan tsani mataki mataki. A ƙasar Sakkwato mai unguwa yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin uban ƙasa, uban ƙasa kuma yana ƙarƙashin Sarkin Musulmi. A Kano sunayen sun ɗan bambanta, domin a can dagaci ne ke riƙe da ƙauye, hakimi kuma gunduma. Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, ya riƙe wannan matsayi na uban ƙasa da aka naɗa shi Sarkin Rabah a 1934. A wancan zamani aikin mai wannan kujera ya haɗa da haraji da jangali da sauraron rahoton ƙauyuka. Ba ya buƙatar tsayawa a ƙofar kowane gida, tun da labarin kowane gida zai hau tsani ya same shi.

To, aukuwa a shafin yanar gizo tana yin tafiya mai zango uku a kan irin wannan tsani. Zango na farko shi ne sauka. Takardar shaida takan taso daga kaka ta gangaro ta kan jiki, da sashe, da jadawali, da layi, har ta kusa da gaɓar da aka taɓa. Wannan ya yi daidai da baƙon hukuma, kamar malamin gona, wanda ba ya faɗa wa gidan manomi haka kawai, sai ya fara gaisuwa wurin uban ƙasa, a haɗa shi da hakimi, hakimi ya haɗa shi da mai unguwa. Zango na biyu shi ne isa, lokacin da takardar ta kai ga ainihin gaɓar. Zango na uku shi ne hawa, inda takardar ke komawa sama ta hanyar da ta biyo, daga maɓalli zuwa gurbi, zuwa layi, zuwa jadawali, har ga kaka. A kowane mataki burauza takan duba ko akwai mai sauraron da aka ajiye, in akwai ta miƙa masa takardar. Mai rubuta shafi shi ke zaɓar ko mai sauraronsa zai ji labari a wajen sauka ko a wajen hawa. In bai ce kome ba, to a wajen hawa ne.

Akwai bambanci guda tsakanin tsanin mutane da na kwamfuta. Labarin da ya bi bakuna huɗu yakan ƙaru ko ya ragu kafin ya kai fada. Takardar aukuwa kuwa guda ɗaya ce ke tafiya tun daga farko har ƙarshe, kuma sunan gaɓar da aka taɓa yana nan a jikinta. Mai sauraron da ke can sama yana iya buɗe ta ya san daga wane gida labarin ya fito.

Wannan tsari mai zango uku sulhu ne aka yi bayan jayayya. A shekarar 1997 manyan burauzoji biyu suka fito da hanyoyi masu karo da juna. Netscape Navigator na 4 ya ɗauki sauka, Internet Explorer na 4 na kamfanin Microsoft ya ɗauki hawa. Masu rubuta shafuka suka shiga wahalar rubuta abu ɗaya sau biyu. A watan Nuwamba na shekarar 2000 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da ƙa'idar da ta haɗa biyun: a sauka tukuna, sa'an nan a hau. Duk da haka Internet Explorer ya ci gaba da bin tasa hanyar har fitowar na 9 a 2011. A cikin waɗannan shekaru wani kundin umarni mai suna jQuery, wanda John Resig ya fitar a 2006, shi ne ya rufe wa dubban masu rubuta shafuka wannan ɓaraka, ya kuma taimaka ƙwarai wajen yaɗa dabarar wakilci.

5. Wakilci

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala gininta a kan kogin Rima a 1984, tana shayar da fadamun da ke ƙasa da ita, inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa har zuwa wajen Wurno. A ƙaddara wani ofishin gona a wannan yanki ya sa an gina masa shafi mai ɗauke da sunayen manoman rani. A ƙaddara kuma manoman sun kai 3,000, kowane manomi yana da layinsa a jadawali, kowane layi kuma yana da maɓalli uku: na duba bayani, na shaida an ba da taki, da na soke suna.

Hanyar da ta fi saurin zuwa wa sabon ma'aikaci a rai ita ce ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ya ɗaura wa kowanne mai sauraronsa. Manomi 3,000 sau maɓalli 3 ya ba da masu sauraro 9,000. Hanyar wakilci kuwa ita ce a bar maɓallan haka nan, a ajiye mai sauraro guda ɗaya a kan jadawalin da ya ƙunshe su duka. Ko wane maɓalli aka danna, takardar aukuwa za ta hau ta iske shi, tun da babu wata hanyar hawa sai ta kansa.

Aikin wannan wakili shi ne ya yi tambaya biyu. Ta farko: daga ina labarin ya fito? Takardar tana ɗauke da sunaye biyu da bai kamata a gwama su ba. Wanda ake kira target shi ne gaɓar da yatsa ya taɓa. Wanda ake kira currentTarget kuwa shi ne gaɓar da mai sauraron ke zaune a kanta, wato jadawali a wannan misali. Na farko shi ne gidan da abin ya faru, na biyu shi ne zauren da ake jin ƙarar. Tambaya ta biyu: me ake so a yi, kuma ga wa? Don haka akan liƙa wa kowane maɓalli alamar aikinsa, a liƙa wa kowane layi lambar manomin da ke kansa. Wakili ya karanta alamar, ya karanta lambar, ya san cewa taki ne aka ba manomi mai lamba kaza.

Amfanin wannan tsari iri uku ne. Na farko shi ne sauƙin kaya. Kowane mai sauraro yana cin ɗan wuri a ƙwaƙwalwar waya, ɗaura shi kuma yana cin ɗan lokaci. Burauzojin yau suna iya ɗaukar dubban masu sauraro a kwamfuta mai ƙarfi ba tare da an lura ba, amma a ƙaramar waya mai cike da hotuna da saƙonni, bambancin 9,000 da 1 yana iya fitowa a lokacin buɗe shafi.

Na biyu ya fi na farko muhimmanci. Jadawalin manoma ba a tsaye yake ba. Yau an ƙara mutum goma, gobe an tace sunayen an bar na gari ɗaya kawai. A tsarin bin maɓalli ɗaya ɗaya, duk layin da ya shigo bayan an gama rabon masu sauraro kurma ne. Maɓallinsa yana nan a fuskar shafi, ana dannawa, babu mai ji. Manomin da aka yi wa rajista da safe zai tsaya a layi har la'asar ana ce masa kwamfuta ta ƙi. A tsarin wakilci kuwa sabon layi yana shiga jadawali ya shiga ƙarƙashin wakili, kamar yadda baƙon da ya gina gida a unguwa ke shiga ƙarƙashin mai unguwa ba tare da an yi sabon naɗi ba.

Na uku shi ne kauce wa maimaici. Wanda ya lura da matsalar kurman layi yakan yi ƙoƙarin gyara ta da sake rabon masu sauraro duk lokacin da aka ƙara suna. In bai sallami na dā ba, tsofaffin maɓallai za su tara masu sauraro biyu, uku, huɗu, dannawa ɗaya ta zama aiki huɗu. A littafin ofis za a ga an ba mutum ɗaya taki sau huɗu alhali buhu ɗaya ya ɗauka, magatakardan da ba shi da laifi kuma ya shiga tuhuma. Wakili guda da aka ɗaura sau ɗaya ba ya haifar da wannan.

Dabarar ta kai ga manyan kayan aikin gina shafuka sun ɗauke ta a matsayin ginshiƙi. React, wanda kamfanin Facebook ya fitar a 2013, yakan tattara sauraron yawancin aukuwoyi a wuri guda a madadin gaɓoɓin shafi. Da farko a kan takardar baki ɗaya yake ajiye wakilinsa. A fitowa ta 17, cikin shekarar 2020, aka sauko da shi zuwa tushen sashen da React ke kula da shi, domin kada sassa biyu masu tsari daban a shafi ɗaya su riƙa shiga hurumin juna.

6. Inda Wakilci ke Tuntuɓe

Kowace dabara tana da iyakarta, kuma akwai wurare biyar da ya kamata a yi hattara.

Na farko, ba kowace aukuwa ce ke hawa ba. Shigar alƙalamin rubutu cikin gurbin cikewa da fitarsa, waɗanda ake kira focus da blur, ba sa hawa. Wakilin da ya zauna yana jiransu a wajen hawa zai kwana bai ji kome ba. Mafita ita ce a saurare su a wajen sauka, ko a yi amfani da takwarorinsu masu hawa, wato focusin da focusout.

Na biyu, akwai umarnin da ake kira stopPropagation, wanda ke ba kowane mai sauraro ikon tsayar da takarda a inda yake. Wannan shi ne hakimin da ya danne rahoto bai kai wa uban ƙasa ba. Wani lokaci yana da hujja, in maganar ta ƙare a hannunsa. Amma in wani ma'aikaci ya sa wannan umarni a cikin layi don gyara wata 'yar matsala tasa, wakilin da ke kan jadawali zai daina jin labarin wannan layi, kuma babu wata alamar kuskure da za ta fito. Kada a gwama shi da preventDefault, wanda ke hana burauza yin abin da ta saba yi da kanta, kamar aika takardar da aka cike, amma ya bar labari ya ci gaba da hawa.

Na uku, yatsa ba kullum yake sauka a kan maɓalli kansa ba. Sau da yawa akwai ɗan hoto ko rubutu a cikin maɓallin, kuma shi ne za a rubuta a matsayin abin da aka taɓa. Wakilin da ya tambaya ko maɓalli ne aka danna zai ji a'a, ya yi watsi da maganar. Maganin wannan shi ne umarnin closest, wanda ke tasowa daga abin da aka taɓa ya hau har ya sami maɓalli mafi kusa. Kamar a tambayi yaro ne ɗan gidan wa, maimakon a kore shi don ba shi ne maigida ba.

Na huɗu, kada a kai kome fada. Idan aka tara sauraron duk abin da ke shafi a kan kaka, mai sauraro ɗaya zai cika da tambayoyi har ya gagari gyara, kuma aukuwoyi masu yawan zuwa, kamar motsin yatsa, za su riƙa tayar da shi ba dalili. Ƙa'ida ita ce a ajiye wakili a kan uwa mafi kusa wadda ta ƙunshi 'ya'yan da ake nufi, kuma wadda ba a cire ta daga shafi.

Na biyar, tun da wakili yana jin dannawa daga kowace irin gaɓa, wasu sukan yi kasala su mayar da hoto ko tsurar rubutu maɓalli. Mai gani da yatsa ba zai lura ba. Amma makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa shafi, da wanda ke aiki da allon haruffa kaɗai, ba za su iya kai wa ga wannan maɓallin bogi ba. Shafin hukuma na kowa ne, saboda haka maɓalli ya zama maɓallin gaske.

7. Kunnen da ba a Gayyata ba

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai dai a shafin yanar gizo ya kamata a tambaya kunnen na wane ne. Duk umarnin da aka bari ya shiga shafi, ko na talla ne, ko na ƙidayar maziyarta, yana da ikon ajiye mai sauraro a kan kaka, ya ji kowane harafi da aka buga. A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka suka nuna cewa ɗaruruwan sanannun shafuka suna ɗauke da umarnin wasu kamfanoni masu naɗar motsin maziyarci da abin da ya rubuta, wani lokaci tun kafin ya danna maɓallin aikawa.

A shekarar 2018 kuma ɓarayi suka cusa 'yan layukan umarni a shafin kamfanin jiragen sama na British Airways. Umarnin ya ajiye mai sauraro a kan maɓallin biyan kuɗi, duk wanda ya taɓa shi sai a kwashe bayanin katinsa a aika wa ɓarayin, cinikin kuma ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Abin ya shafi dubban ɗaruruwan mutane, kuma a 2020 hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar fam miliyan 20. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shafin da ke karɓar lambar ɗan ƙasa ko lambar asusun banki ta manomi bai kamata ya ɗauki umarnin baƙo ba, sai wanda aka san asalinsa da bukatarsa.

8. Kammalawa

An ga cewa shafi jerin zuriya ne, kowace gaɓa da uwa ɗaya. An ga cewa aukuwa takan sauka, ta isa, ta hau, ɗauke da sunan inda ta fito, kuma wannan ne ya ba da damar ajiye mai sauraro ɗaya a madadin dubbai. Ɗalibi zai amfana in ya gina ƙaramin jadawali da hannunsa ta hanyoyin biyu, ya ƙara layi bayan shafi ya buɗe, ya ga wanne ya amsa.

Ma'aikacin da zai karɓi shafi daga hannun ɗan kwangila kuwa ba ya buƙatar iya JavaScript kafin ya jarraba aikin. Ya ƙara sabon suna ya danna maɓallinsa nan take. Ya tace jadawali sau biyar, sa'an nan ya danna maɓalli sau ɗaya ya duba sau nawa aka rubuta a littafi. Ya ajiye yatsa ya gwada bin shafin da allon haruffa kaɗai. Ya nemi a ba shi jerin duk umarnin waje da shafin ke ɗaukowa, da dalilin kowanne. Daga ƙarshe ya buɗe shafin a irin wayar da manomin Goronyo ko Rabah ke riƙewa, a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, kafin ya sa hannu a takardar biya.